Injin Bai Mutu Ba, Kashe Shi Aka Yi

A makon jarrabawar ƙarshen zango na biyu, ana tsakiyar zafin bazara, aikin rahoto ya kai ni wata makarantar sakandaren gwamnati da ba zan kama sunanta ba. Batun da ya kai ni daban ne. Abin da ya biyo ni gida shi ne abin da na gani a aji uku na ƙaramar sakandare. Malamin lissafi yana tsaye yana rubuta tambayoyin jarrabawa a allo da alli, allon kuwa ya cika tun a tambaya ta bakwai. Ya juyo ya tambaya ko an gama kwafe na sama. Na gaba suka ce sun gama, na baya suka yi shiru, ya sa tsumma ya goge. Wata yarinya a layin ƙarshe ta miƙe tana ƙanƙance ido, ta koma ta zauna, ta leƙa takardar ta kusa da ita. A dokar makarantar wannan leƙen satar amsa ne. Ita kuwa tambayar da aka goge take nema.

Da muka fito, mataimakin shugaban makarantar ya buɗe mini sito. Injinan fotokwafi uku ne a jere. An lulluɓe biyu da tsohon labule, na ukun an ɗora masa kwalayen alli da tsintsiyoyi. Ɗaya ya zo cikin kayan wata kwangila, ɗaya kyautar wani ɗan majalisa ce, ɗaya kuma tsofaffin ɗalibai ne suka yi karo-karo suka saya. Na ce, "Malam, me ya same su?" Ya ce sun mutu. Na ce me ya kashe su? Ya buɗa hannuwa, ya ba ni amsar da duk mai karanta wannan ya taɓa ji, wataƙila ma ya taɓa faɗa: wai mu 'yan ƙasar nan ba mu da al'adar kula da kaya.

Taku kaɗan daga ƙofar makarantar akwai wani shago na langa-langa. A cikinsa wani saurayi yana aiki da injin Sharp na hannu wanda ya girmi duka ukun da ke sito, ya sha aiki a wata ƙasa kafin ya tsallako teku. Ƙurar da ke shiga makarantar ita ke shiga shagonsa, wutar da ake ɗauke musu ita ake ɗauke masa. Injinsa yana ta aman takardu, malaman makarantar ma suna cikin masu layi.

Wannan magana ta rashin al'adar gyara ita nake so in yi wa tsirara, domin ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai amfani ga waɗanda ke yaɗa ta. Wa ya fi mu iya gyara? Motocin Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna tun shekarun 1970 da 1980, har gobe akwai masu ɗaukar kaya a hanyoyin karkara. A Panteka ta Kaduna ana ƙera kayan injin da kamfaninsa ya daina yi tun kafin a haifi maƙerin. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, yaro ɗan shekara goma sha takwas zai ɗaga ƙwaƙwalwar wayar da aka ce ta gama yawo ya dasa mata wata. Uwayenmu sun yi shekara talatin da keken ɗinki guda, suna ɗiga masa mai duk mako. Mutanen da ke ɗinke takalmin roba da wuta su ne za a ce ba su san kula da kaya ba? Gaskiyar magana, muna gyara duk abin da mutuwarsa za ta taɓa aljihun wani takamaiman mutum. Injin makaranta ba shi da wannan mutumin. Idan ya tsaya, albashin kowa zai shiga a ƙarshen wata. Wanda ke yin asara yana zaune a layin baya yana ƙanƙance ido, kuma ba shi da bakin magana a ofishin kowa. Idan aka ce laifin al'ada ne, an raba laifin ga mutum miliyan ɗari biyu ke nan, kowa ya samu ƙwayar da ba ta isa a tuhume shi a kanta ba.

Abin da ke cikin akwatin

Ya kamata mu leƙa cikin injin, domin rabin zaluncin da ake yi masa daga jahiltarsa ne. A tsakiyarsa akwai wata ganga mai santsi, masu gyara suna ce mata duram. Fatarta tana riƙe cajin lantarki muddin tana cikin duhu, tana sakinsa a duk inda haske ya taɓa. Injin yakan shafe ta da caji, sannan ya haska mata siffar rubutun, sai a samu zanen rubutun a jikinta, zanen lantarki zalla wanda ido ba ya gani. Garin tawada, wato tona, hoda ce mai laushi ta dangin roba, takan manne wa wannan zanen kamar yadda ɓarɓashin takarda ke bin matajin da aka goga a gashi. Takarda ta zo wucewa, a janyo garin daga ganga zuwa kanta. A wannan gaɓar rubutun gari ne kawai a kwance, ko yatsa ka sa zai goge. Saboda haka takardar takan bi ta cikin hita, tsakanin rola biyu, a zafin da ya kusa digiri 200, garin ya narke ya like. Dalilin da ya sa kwafi ke fitowa da ɗumi ke nan. Wata siririyar roba kuma ta kankare ragowar garin daga jikin ganga ta zuba shi a wani ɗan akwati, a sake sabon zagaye.

Duk waɗannan sassa masu cinyewa ne, kamar taya da birki a mota. Robar da ke jan takarda tana sulɓewa. Ganga tana gajiya. Robar kankara tana dakushewa. Akwatin ragowar gari yana cika. Kamfanin da ya ƙera injin ya rubuta adadin shafukan da kowane sashe zai ɗauka kafin a canza shi, injin kuma yana da ma'auni a cikinsa da ke ƙirga kowane shafi, kamar yadda mota ke ƙirga kilomita. Ba wanda zai sayi motar makaranta ya ce ba za a taɓa yi mata juyen mai ba, in ta tsaya kuma a ce ajali ne. Da injin fotokwafi kuwa haka muke yi kullum.

Akasarin abin da ake kira mutuwar inji ƙananan larurori ne. Idan yana yawan cin takarda daga bakin tire, sau da yawa robar ja ce ƙura ta yi wa santsi, tsumma mai ɗan danshi zai iya farfaɗo da ita, in ta ƙi a canza ta. Idan baƙin layi yana ratsa kowane kwafi daga sama zuwa ƙasa, amma sai an saka takardar ta mazurarin sama kaɗai, a duba siririn gilashin da ke gefen babban gilashi, za a tarar da ɗigon farin ruwan goge rubutu ya bushe a kai. Idan tabo ɗaya yana maimaita kansa a kan shafi tazara bayan tazara, wani abu mai juyawa ne ya ji rauni, kuma faɗin tazarar yana gaya wa gwani ko ganga ce ko rolar hita. Idan rubutu yana gogewa a yatsa, hita ce ba ta kai zafinta ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya cancanci labule da kwalin alli.

Sai kuma kisan da ake yi da hannu. Takarda ta maƙale, masinja ya zo ya fizge ta da ƙarfi ta bayan hanyar da take bi, ya karya haƙorin giya ko ɗan harshen robar da ke sanar da injin cewa takarda ta wuce. Daga ranar injin zai riƙa cewa akwai takarda a cikinsa alhali babu. Wani ya sa almakashi ko wuƙa ya ciro guntun da ya rage, ya yage rigar hita. Wani ya juya bayan tsohuwar takarda domin tsimi, ya mance da ƙarfen sitefila a kusurwarta, ƙarfen ya ja wa ganga zane har abada. Wani ya ciro gangar ya ajiye a bakin taga cikin rana yana neman abin da ya maƙale, hasken ya lalata ta. Ba mugunta ce ta sa su ba. An kawo injin, an yi hotuna, an tafi, ba a zaunar da ko mutum ɗaya na awa biyu an nuna masa yadda ake buɗe shi ba.

Yanayinmu ma yana da nasa rabon. Waɗannan injina an ƙera su ne da tunanin ofis mai sanyi da rufaffun tagogi. A hunturu ƙura tana shiga ko'ina, ta kwanta a madubai da idanun na'ura, bushewar iska kuma ta sa takardu su manne wa juna, injin ya ja biyu ko uku a lokaci ɗaya. Da damina takarda tana shan danshi, in ta shiga hita ta nannaɗe ta maƙale, tona kuma ya ƙi kama ta sosai. Maganin duka biyun ba ya cin ko sisi: a bar takarda cikin rigarta har sai za a yi aiki da ita, a ɗaga ta daga ƙasa, a karkaɗa ta kafin a zuba a tire, a rufe injin idan an tashi. A dogon hutu kuwa, ɗumin cikinsa da duhunsa masauki ne ga kyankyaso da ɓera, ɓera kuma ba ya raina waya. Ƙananan firintoci masu tawadar ruwa nasu ciwon daban ne: in suka yi makonni ba a buga komai ba, tawadar takan bushe a bakin kan. Shafi ɗaya a mako ya isa rigakafi, amma wa aka ɗora wa wannan aikin a watan Agusta?

Babban makashin shi ne wuta. Lokacin da hita ke ɗaukar zafi, matsakaicin injin ofis yana iya jan abin da ya haura wat dubu ɗaya, ƙaramin janaretan da ake kunna fanka da talabijin da shi kuwa bai kai nan ba. Idan wuta ta zo da rauni, hita ta kasa kai zafinta cikin lokacin da aka ƙayyade mata, injin yakan ɗauka cewa wani abu mai haɗari ya faru, ya nuna wata lamba a fuskarsa, ya kulle kansa. A injina da yawa kashewa da kunnawa ba ya buɗe wannan kullen, sai mai gyara ya shiga ta ƙofar masu gyara ya duba ya sake shi. Da gangan aka yi haka domin gudun gobara. Ka riƙe wannan a ranka, mai karatu, za mu dawo kansa.

Sayen sabo yana da biki, gyara ba shi da

To me ya sa ba a kiran mai gyara? A nan ne maganar ta bar ɗakin inji ta shiga ofis.

Sayen inji aiki ne da ke zuwa da takardar kwangila, da ɗan kwangila, da abin da kowa ya san yana biyo bayan kwangila. Yana zuwa da ranar miƙawa, da mai ɗaukar hoto, da suna a jikin kwali. Canza robar jan takarda ba ya zuwa da ko ɗaya. Ba a taɓa gayyatar ɗan jarida ya shaida juyen tona ba, ni dai ba a taɓa gayyatata ba, kuma an gayyace ni miƙa kayan da ba su kai injin fotokwafi daraja ba. Kasafin kuɗinmu kansa haka aka gina shi. Manyan ayyuka suna gefe guda, kuɗin gudanarwa na yau da kullum suna wani gefen, kuma duk wanda ya taɓa riƙe makarantar gwamnati ya san wanne ne ke zuwa a makare, a gutsure, ko ya ƙi zuwa sam. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, tallafin da jihohi ke karɓa daga ciki kuma galibinsa a gini da kujeru da kayan aiki yake tafiya. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne duk kayan da aka sauke a harabar makaranta yana zuwa da cikinsa, yana buƙatar ci har ƙarshen ransa, ba a kuma rubuta wanda zai ciyar da shi ba. A watan Afrilu na 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan Dokar Zartarwa ta 11, wadda ta shafi kula da gine-ginen gwamnati. Ko ba komai, gwamnati ta amsa da bakinta cewa gyara abu ne da ake tsarawa a ware masa ma'aikata da kuɗi. In da halin jini ne, ai da ba a yi masa doka ba.

Ga kuma yadda ake zaɓen injin. Tsarin sayen kayan gwamnati yana karkata ga wanda ya kawo farashi mafi sauƙi, masu ƙera firinta kuwa sun daɗe da gano cewa ribarsu tana cikin tawada. Suna sayar da injin da araha, su jira ka a wajen katirij. Ƙananan firintoci da yawa ma da katirij na somin-taɓi suke zuwa, wanda ba a cika shi kamar na sayarwa ba. Sai ka ga kyautar ɗan majalisa ta yi aiki wata biyu kamar gaske, tonan farko ya ƙare, a je kasuwa a ji farashi, a dawo a nemo labule. Wani lokaci kuma samfurin da aka kawo babu mai sayar da kayansa ko a Titin Beirut na Kano, sai an aika Legas, ita ma Legas ɗin sai ta aika waje. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin watanni, kuma kowane sashe na waɗannan injina da dala ake shigo da shi. Takardar ma haka, tunda masana'antun takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe da zama abin ba da labari.

Akwai ma tambayar ko fotokwafi ne ya dace da aikin tun farko. Mu da muka yi firamare a shekarun 1990 muna tuna ƙamshin tawadar takardar jarrabawa. Akawu ya buga tambayoyi a kan sitensil da tafireta, ya ɗaura a injin Gestetner, ya riƙa juya hannu, takardu suna zuba. Ba ya buƙatar wuta. Jikan wannan injin yana nan, irin su Risograph na ƙasar Japan: yana yanka sitensil ɗinsa da kansa, yana bugawa da tawada ba tare da hita ba, saboda haka wutar da yake ci kaɗan ce, yana kuma fitar da shafi sama da ɗari a minti ɗaya. Ga mai son kwafi ɗari huɗu na shafi guda, wanda shi ne ainihin aikin makaranta, ya fi fotokwafi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma wanda ke rubuta jerin kayan da za a saya bai taɓa tsayawa a ofishin jarrabawa ana saura kwana biyu a fara ba, bai kuma tambayi wanda ya tsaya ba.

Wani zai ce, a ƙasar da yara ke karatu a ƙasa ƙarƙashin rufin da iska ta yaye, wane ne ke da lokacin kukan injin fotokwafi? Bari mu yi lissafi. A ce makaranta tana da ɗalibai 1,200, kowanne yana rubuta darussa tara, kowace jarrabawa shafi biyu. Shafi 21,600 ke nan a zango ɗaya, sama da rim 43, kuma zango uku ne a shekara. Wannan aikin ba ya ɓacewa don inji ya tsaya. Ko dai a kai shi shagon waje a biya farashin kasuwa da kuɗin da aka karɓa daga iyaye da sunan kuɗin jarrabawa, a jihohin da gwamnati ke shelar ilimi kyauta, ko malami ya cire daga albashin da bai isa ba, ko a koma allo.

Komawa allo kuwa yana canza abin da ake koyarwa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Malamin da ya san da alli zai rubuta jarrabawa ba zai kawo dogon nassin karantawa da fahimta ba. Ba zai kawo taswira ba, ba zai kawo zanen zuciya a ce a sa wa sassanta suna ba, ba zai kawo jadawalin alƙaluma a ce a fassara ba, ba zai kawo tambayoyi hamsin masu zaɓi huɗu-huɗu ba. Zai kawo abin da allo zai ɗauka: kawo ma'anar kaza, lissafo kaza guda biyar. Haka yaro zai shekara shida yana haddar ma'anoni, ranar da ya zauna gaban takardar WAEC ko NECO ya ga ɗan littafi mai shafuka da zane-zane da umarni cikin ƙananan haruffa, abin da bai saba juyawa ba. Sakamako ya fito, mu taru a gidajen rediyo muna tattauna lalacewar tarbiyya da illar wayar hannu.

Kai tambayoyi shagon waje ma yana da nasa farashin da ba na kuɗi ba. Fayil ɗin yana zama a kwamfutar shagon bayan malam ya tafi. Kwafin da ya lalace yana shiga kwandon shara, daga nan wani lokaci ya wuce wajen mai ƙosai. Yaron shagon yana da ƙanne a makarantar. A watan Mayu na 2025, lokacin da ɗalibai a jihohi da dama suka rubuta jarrabawar Turanci ta WAEC cikin dare da hasken tocila, hukumar ta danganta jinkirin da ƙoƙarin hana fitar tambayoyi, ƙasa kuma ta ɗauki ɗumi. Ƙaramin irin wannan yana faruwa kowane zango a makarantun unguwanninmu, yara suna koyon cewa tambayar jarrabawa abu ce da ake iya samu tun daren jiya. Ba a babbar jarrabawa suke fara koyon wannan darasin ba.

Masu cewa zamanin takarda ya wuce ina jin su. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ma ta fara da masu zaman kansu a 2024. Amma makarantar da ta kasa riƙe inji ɗaya da rai, da wane hannu za ta riƙe kwamfuta ɗari biyu, da batura, da na'urar sanyaya ɗaki? A sito ɗin da na shiga, bayan injinan nan uku, akwai kwamfutoci a jibge, su ma da nasu labulen.

A daina sayen inji

Abin da nake kira a yi tsohon abu ne, da shi ma sana'ar ta fara. Chester Carlson ya fitar da kwafin farko da wannan fasaha a ranar 22 ga Oktoba, 1938, a birnin New York na Amurka, ya kuma shafe shekaru kamfanoni suna juya masa baya. Da ƙaramin kamfanin Haloid, wanda ya zama Xerox, ya fito da injin 914 a 1959, injin ya yi tsada, ya yi nauyi, yana yawan lalacewa, har ɗan abin kashe gobara ake haɗa shi da shi domin takarda takan kama da wuta a ciki. Kamfanin bai tsaya neman masu saye ba. Ya ba da shi haya a kan dala 95 a wata, da kwafi 2,000 a ciki, duk kwafin da ya ƙaru kuma santi huɗu. Gyara yana wuyan kamfani. Ma'anar wannan ita ce duk ranar da injin ya kwana a tsaye, kamfanin ne ke asara, don haka masu gyaransa ba sa jiran a roƙe su. Har yau manyan ofisoshi a duniya haka suke yi, suna biya a kan kowane shafi.

Ma'aikatar ilimi ko hukumar ilimin firamare ta jiha tana iya yin haka gobe. A haɗa makarantu goma ko goma sha biyar na shiyya ɗaya, a ba wani ƙwararren mai gyara na garin. Injin nasa ne, tona nasa ne, kayan gyara nasa ne, na'urar daidaita wuta ma tasa ce tunda shi zai yi kuka in allon injin ya ƙone. A ƙarshen wata a karanta ma'aunin shafuka, shugaban makaranta da wakilin iyaye su sa hannu, a biya shi abin da ya buga. Saurayin nan mai shagon langa-langa ya riga ya iya aikin, jari da takardar yarjejeniya kawai ya rasa. Za a ce wannan ma za a cinye shi. Ana iya gwadawa. Sai dai satar kwangilar saye sau ɗaya ake yinta, a ofis, a kan takarda, ba wanda ya gani. Wannan kuwa kowane wata sai an yi ƙarya a kan lambar da ke rubuce a cikin inji, a gaban malamai arba'in da suka san ko sun karɓi takardun jarrabawarsu ko ba su karɓa ba. Haɗarin da na fi tsoro shi ne gwamnati ta riƙe wa mai gyaran kuɗinsa wata shida kamar yadda ta saba yi wa ƙananan 'yan kwangila, ya kwashe injinansa ya tafi. Shi ya sa kuɗin ya kamata ya sauka a asusun makarantar kai tsaye, a hannun kwamitin da iyaye ke ciki.

Ba na wanke shugabannin makarantu. Na ga inda aka ajiye inji a ofishin shugaba kamar kayan ado, makulli a aljihunsa, in ya tafi taro a hedikwata aiki ya tsaya. Na ga inda injin makaranta ya ƙare ransa a kan katin biki da takardun neman aikin 'yan uwa. Littafi ɗaya na naira kaɗan a gefen injin, a riƙa rubuta wanda ya buga, da adadin, da ranar da aka zuba tona, da lambar da ya nuna ranar da ya tsaya, wannan ba ya jiran amincewar kwamishina. Kiran mai gyara mako uku kafin jarrabawa ma haka, ba a fafe gora ranar tafiya. Su ma masu gyaran akwai na banza a cikinsu, masu zuba tonan bogi a kwalin asali, masu cire lafiyayyen sashe su maye shi da gajiyayye. Duk wanda ya canza wani abu a ce ya ajiye tsohon a kan tebur, ya rubuta a littafin da hannunsa.

Kafin in bar makarantar nan na roƙi mataimakin shugaban ya sa a sauke kwalayen alli daga kan inji na uku, wanda tsofaffin ɗalibai suka saya. Muka ja waya daga ofis, aka kunna. Ya yi ƙugi, fitilunsa suka kama, ya tsaya, ya nuna harafi ɗaya da lamba a fuskarsa. Malam ya ce abin da yake yi ke nan tun bara, tun wata ranar da wuta ta zo rabi-rabi. Na rubuta lambar a bayan littafina. Bayan kwana biyu na nuna wa wani mai gyara a Kano. Ya duba, ya yi dariya, ya ce kullen hita ne, in dai ɓeraye ba su riga shi shiga ba aikin minti goma ne.

Na kira Malam na gaya masa. Ya yi godiya ƙwarai, ya ce zai sanar da shugaba, sai dai babu wani layi a kuɗin makarantar da za a cire kuɗin motar mai gyara daga ciki. Ya ƙara da cewa sun riga sun rubuta wa ma'aikata takardar neman sabon inji, an buga ta a shagon bakin ƙofa, kwafi uku.